Wata Uku a Jamus, Har Yanzu Bakina Bai Buɗe Ba

Assalamu alaikum Anti. Ni yarinya ce 'yar shekara 16, kuma ina cikin waɗanda aka zaɓa a wani shirin musayar ɗalibai na shekara guda a ƙasar Jamus. Na iso a watan Satumba, aka sauke ni a gidan wasu mata da miji masu 'ya'ya biyu, ɗaya mai shekara 14 ɗaya mai 9, a wani ƙaramin gari kusa da Stuttgart, aka kuma saka ni aji na 10 a makarantarsu. Kafin in taho na yi karatun Jamusanci na matakin farko, A1, amma ga shi Disamba ta kama, har yanzu ba na gane abin da malamai ke faɗa, kuma da zarar na fara magana sai 'yan ajinmu su amsa mini da Turanci. A gida abincin dare biredi ne da cuku da yankakken nama mai sanyi, ni kuma ina tsoron alade, don haka kaɗan nake ci. Idan matar gidan ta tambaye ni ko zan ƙara, kunya takan sa in ce a'a, ita kuma sai ta kwashe kayan, in kwana da yunwa. Daga nan sai in shige ɗaki in rufe ƙofa in yi ta hira da 'yan gidanmu a waya. Shekaranjiya ta tambaye ni ko ba na jin daɗin zama da su ne, na ce mata babu komai. Ban gaya wa iyayena ba, domin suna ta alfahari da ni. Anti, in nemi a sauya mini gida, ko in haƙura da shirin in dawo?

Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki dawo yanzu, kuma kada ki nemi sauyin gida yanzu, domin a cikin duk abin da kika zayyana ban ga alamar mutanen nan sun cutar da ke ba. Abin da na gani shi ne mata biyu masu kyakkyawar niyya, ke da ita, kowacce tana yi wa 'yar'uwarta ladabi irin na garinsu, kowacce kuma tana fassara ladabin ɗayar a matsayin ƙi. Jimlar da ta fi tsaya mini a rai a wasiƙarki ita ce “babu komai”. Matar nan ta taka ta zo har inda kike ta yi miki tambayar da ba ta da sauƙin yi, ke kuma kika ba ta amsar da aka tarbiyyantar da ke a kanta. Daga wannan amsa gyaran zai fara, kuma ina ganin har matsalar harshen ma daga nan take.

A wajenmu baƙon kirki ba ya cewa yana jin yunwa. Ana yi masa tayi ya ƙi, a sake ya ƙi, sai a na uku ya miƙa hannu, kuma mai gida ya san aikinsa ne ya matsa. Yarinya mai tarbiyya ba ta zuba wa babba ido, ba ta tsoma baki a hirar manya, ba ta kuma kai ƙorafi. Kara da kawaici da alkunya abubuwa ne masu daraja, ba na kuwa so ki zubar da su. Sai dai yawancin Jamusawa, ban ce duka ba, suna ɗaukar magana ne a yadda aka faɗe ta. Idan kika ce “nein, danke”, wato a'a na gode, to an gama, kuma a ganinsu matsa miki bayan haka rashin girmama ra'ayinki ne. Rufaffiyar ƙofa a gidajensu tana nufin mai ɗakin yana son a ƙyale shi. Sunkuyar da kai lokacin da ake yi miki magana kuwa yakan zame musu alamar gundura ko ɓoye wani abu. Yanzu ki tsaya a inda matar nan take ki duba: ta karɓi 'yar mutane daga nesa, kuma a manyan ƙungiyoyin musaya masu zaman sa-kai iyalan da ke karɓar ɗalibai ba biyansu ake yi ba, sai ga yarinyar tana tsakurar abinci, ba ta kallon kowa, tana tashi daga teburi ta rufe ƙofa, sannan a jiyo ta tana dariya a waya cikin harshen da ba su ji. Me za ta ɗauka in ba cewa ba ki son su ba?

Saboda haka aikin farko shi ne ki koma wa tambayar da ta yi miki, ki ba ta amsar gaskiya. Ki zaɓi lokacin da babu gaggawa. Ranar Lahadi ta fi, domin kantuna a rufe suke a Jamus, mutane suna gida, kuma gidaje da yawa sukan zauna shan gahawa da kek da yamma. Ki rubuta abin da za ki faɗa a takarda, ki karanta idan muryarki ta yi rawa, babu abin kunya a ciki. Jimla huɗu sun isa. “Ich bin gern bei euch, aber ich bin schüchtern”, wato ina jin daɗin zama da ku, amma ni mai kunya ce. “Bei uns sagt man aus Höflichkeit zuerst nein”, wato a wajenmu saboda ladabi akan fara da cewa a'a. “Ich habe abends oft noch Hunger”, wato da dare sau da yawa ban ƙoshi ba. Sai kuma “Ich esse kein Schweinefleisch”, wato ba na cin naman alade. Idan Jamusancin ya ƙare miki a tsakiya, wannan zama ɗaya na yarje miki ki ƙarasa da Turanci, domin fahimtar juna a nan ta fi darasi muhimmanci. Ina kyautata zaton za ta ji nauyi ƙwarai idan ta gane cewa wata uku kina kwana da yunwa a ƙarƙashin rufinta, kuma za ki ga yadda za ta ɗauki maganar da gaske.

Batun abincin ba rowa ba ce. Sunan abincin daren ma da kansa Abendbrot ne, ma'ana biredin yamma, domin bisa al'adarsu abinci mai zafi da rana ake cinsa. Mu da muka saba tuwo ko shinkafa ne ke rufe yini, dole cikinmu ya yi ƙorafi. Ki nemi izinin ɗumama abin da ya rage na rana, ko ki dafa wa kanki taliya ko ƙwai. Cewa ba kya cin wani abu ba baƙon zance ba ne a can, domin masu ƙin nama gaba ɗaya suna da yawa, kuma Musulmin ƙasar sun haura miliyan biyar, kaso mafi girma a cikinsu masu asali daga Turkiyya, shi ya sa da wuya ki rasa mahaucin Baturke mai naman halal a kewayen Stuttgart. Ki haddace kalmomin da za ki guje wa a jikin kaya: Schwein alade ne, Schinken da Speck galibi daga gare shi suke, Schmalz kitsensa ne a mafi yawan lokuta, Gelatine kuma da ke cikin alewa mai danƙo sau da yawa daga alade ake samunta. Rind naman sa ne, Hähnchen kaza, Pute talotalo, Lamm ɗan rago. Ko da an rubuta kaza a gaban kwali, ki juya ki karanta jerin da ke ƙarƙashin kalmar Zutaten, wato kayan haɗi, domin akan gauraya. Sannan ki ce za ki riƙa dafa musu abincinmu sau ɗaya a mako. Dafa-duka da miyar gyaɗa ba su buƙatar abin da babu a can, kuma wanda ya tsaya kusa da ke yana yanka albasa zai koya miki Zwiebel da Messer da Topf, wato albasa da wuƙa da tukunya, ta hanyar da babu littafin da zai iya.

Yanzu ga harshen. Ki fara da yi wa kanki adalci. Matakan da ake auna harsunan Turai da su shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma A1 shi ne na gaisuwa da faɗin suna da sayen biredi. Jami'o'in Jamus galibi kusan C1 suke nema daga baƙo kafin ya zauna a aji da Jamusanci. Ke kuwa da A1 aka ajiye ki a aji na 10, inda yaran da aka haifa cikin harshen suke tattauna tarihi da adabi da kimiyyar sinadarai. Rashin gane malamin tarihi bayan wata uku ba dakikanci ba ne, lissafi ne kawai. Ƙari a kan haka, inda aka kai ki ƙasar masu karin harshen Schwäbisch ce, inda “ist” ke komawa “isch”, “nicht” ya koma “net”, kuma ana liƙa wa kalmomi “le” a ƙarshe don ƙanƙantawa. Jiharku ta Baden-Württemberg da kanta ta shafe shekaru, har zuwa 2021, tana tallata kanta da taken da ke cewa sun iya komai in ban da daidaitaccen Jamusanci. Kamar wanda ya koyi Hausar littafi ne aka sauke shi a ƙauyen Sakkwato. Idan magana ta shige miki duhu, ki ce “Kannst du das bitte langsam und auf Hochdeutsch sagen?”, wato a maimaita a hankali da daidaitaccen harshe. Ba za su ji haushi ba, sun san halin bakinsu.

Amsa miki da Turanci da 'yan ajinku ke yi ba wulaƙanci ba ne. Shekara da shekaru suna koyon Turanci a makaranta, ga su da wadda za su gwada shi a kanta, kuma a zatonsu sauƙaƙa miki suke yi. Ba za su daina ba sai kin roƙe su a fili: “Bitte sprich Deutsch mit mir, ich will es lernen”, wato don Allah ki yi mini Jamusanci, so nake in koya. Za su manta bayan minti biyar, domin jiran mai neman kalma yana da gajiyarwa. Idan sun koma Turanci, ke ki ci gaba da Jamusancinki a gurguje ko a karye, har su gaji su biyo ki. Kina iya yin ciniki da wadda kika fi sakewa da ita, hutun safe na Jamusanci, hanyar komawa gida ta Turanci, kowa ya samu. Amma babban malaminki yana cikin gidan da kike gudu, wato yaron nan mai shekara 9. Turancinsa bai kai ya cece ki ba, ba ya jin nauyin gyara miki, zai yi miki dariya ya maimaita kalma sau goma ba tare da ya gaji ba. Ki yi wasan kati da shi, ki ce ya karanta miki littafinsa, ke ma ki karanta masa ya kama ki da kuskure. Bayansa sai tsofaffi, kaka ko maƙwabciya, masu lokaci da son hira.

Na lura ba ki ambaci nahawu ba, amma na san der da die da das, ƙananan kalmomin da ke nuna jinsin suna, suna cikin abin da ke ƙulle miki baki, domin duk wanda ya saba zama na gaba a aji ba ya son a ji shi yana kuskure. To ki sani Bahaushiya ta shiga wannan fage da jarin da mai Turanci zalla ba shi da shi. Mun riga mun saba cewa kowane suna yana da jinsi, kuma abin sha'awa, rana tamata ce a Hausa, die Sonne ma haka, wata namiji ne, der Mond ma haka. Abin da suka ƙara shi ne jinsi na uku. Mun saba jam'i ba shi da ƙa'ida ɗaya, gida gidaje, littafi littattafai, don haka das Haus die Häuser da das Buch die Bücher ba za su firgita ki ba, muddin kin riƙa haddace kowace kalma tare da jinsinta da jam'inta tun ranar farko. Kunnenki ya san bambancin dogon wasali da gajere, kamar garin da ake zama da garin da ake tuƙawa, kuma wannan ne bambancin Stadt, birni, da Staat, ƙasa. Ƙidayarsu da ke sa ɗaya kafin ashirin, einundzwanzig, ita ce ƙidayar Larabcin da kika yi a Islamiyya, haka ma sautin ƙarshen Buch kin san shi a harafin kha. Akwai kuma 'yan dabaru: kusan duk sunan da ya ƙare da ung ko heit ko keit ko schaft tamata ne, wanda aka ƙanƙanta da chen kuwa das ne, shi ya sa yarinya, das Mädchen, ta faɗa jinsi na uku. Abin da zai ba ki wuya na gaske shi ne aikatau da ke gudu ƙarshen jimla bayan weil (domin) ko dass (cewa), da irin su anrufen, kira a waya, da ke rabewa biyu, “ich rufe dich morgen an”, wato zan kira ki gobe. Maganinsa ki koyi jiran jimla ta ƙare kafin ki yanke ma'ana. Idan kuwa kika ce der a inda ya kamata ki ce das, za a gane ki sarai, alhali idan kika yi shiru babu mai gane komai.

Abu ɗaya da ba a yafe kuskurensa shi ne lokaci. Ni kaina a farkon zamana a can an ce mini in zo “halb drei”, na ji drei na ɗauka uku da rabi ne, na isa a makare da awa guda cur, domin a wajensu ma'anarsa biyu da rabi, wato rabin hanya zuwa uku. A kudu inda kike har “dreiviertel drei” suke cewa, wato uku saura kwata. Idan kina shakka ki ce a rubuta miki da lambobi.

A makaranta ma shirunki yana da farashi, domin a tsarinsu ɗaga hannu da yin magana a aji yana da maki nasa, wanda a wasu darussa yakan kai kusan rabin sakamakon. Makinsu daga 1 ne zuwa 6, kuma 1 ne mafi kyau, kada ki ga 2 ki yi kuka. Ki nemi ganin malamin da ke kula da ajinku, Klassenlehrer, ki tambaye shi ƙarara ko ana buƙatar ki da maki a kowane darasi, domin sau da yawa ɗaliban musaya a matsayin baƙi ake ɗaukarsu. Ki tambaya ko za a bar ki ki riƙa shiga darasin Jamusanci na ƙananan aji a maimakon wani darasin da ba kya tsintar komai a cikinsa, ko kuma akwai ajin share fage na yaran da suka zo daga waje, wanda a jiharku ake kira Vorbereitungsklasse. Cibiyar karatun manya ta gari, Volkshochschule, takan yi kwas ɗin yamma da kuɗi kaɗan. Ki ɗora wa kanki ɗaga hannu sau ɗaya a kowace rana, ki fara da lissafi ko Turanci inda ƙafarki ta fi ƙarfi. Malamai ana ce musu Sie, wato “ku” na girmamawa, tare da Herr ko Frau da sunan iyali, sa'anninki du, wato “kai” ko “ke”, iyayen gidan kuwa galibi du suke so, amma ki tambaye su.

Game da ƙawaye, kada ki auna su da ma'aunin gida, inda sabuwar ɗaliba kan yi ƙawa goma kafin a tashi. Yaran nan tun aji na 5 suke tare, wasu tun firamare, kuma harshensu ma yana bambanta Freund, aboki na gaske, da Bekannter, wanda aka sani kawai. Abota a can a hankali take ƙulluwa, kuma ba a cika ƙulla ta a cikin aji ba. Wurinta shi ne Verein, ƙungiyoyin gari na wasanni da waƙa da agaji, waɗanda yawansu a ƙasar ya kai kusan 600,000, sai kuma ƙungiyoyin bayan darasi na makaranta da ake kira AG. Ki zaɓi ɗaya, ƙwallon raga ko wasan kwaikwayo ko matasan agajin gaggawa, ki riƙa zuwa kowane mako ba fashi, domin ganin fuska a kai a kai shi ke buɗe su. Kuma ba a faɗa wa mutum gida haka kawai kamar yadda muke yi, sai an sa rana da lokaci, saboda haka idan kina son fita da wata ki ce mata Asabar ƙarfe kaza. Za ki tarar dokarsu ta halatta wa mai shekara 16 giya mara ƙarfi, kuma za a yi miki tayi. A nan ɗabi'arsu ta ɗaukar magana yadda take za ta yi miki rana: ki ce “Ich trinke keinen Alkohol” sau ɗaya, ki riƙe kofin Apfelschorle, ruwan tuffa mai gas, yawanci an wuce wurin. A kasuwar Kirsimeti abin sha mai zafi da ake kira Glühwein giya ce, Kinderpunsch shi ne wanda babu. Daren 24 ga Disamba shi ne babban zaman iyali a wajensu, ki gaya musu tun yanzu abin da za ki iya shiga da wanda addininki bai ba ki dama ba, kada ki bari sai ranar ki ɓace a ɗaki. Haka za ki yi idan azumi ya gabato, ki yi musu bayanin sahur da buɗa-baki makonni kafin ya kama.

Wani ɓangare na nauyin da kike ji ba daga mutane yake ba, daga sama yake. A Stuttgart a wannan wata rana ba ta fitowa sai wajen takwas na safe, ta faɗi wajen huɗu da rabi, ga hazo da sanyi, kin fita da duhu kin dawo da duhu. Jikin da ya saba da ranar ƙasarmu dole ya yi sanyi, har su 'yan ƙasar ma suna kuka da wannan lokaci. Daga 21 ga Disamba yini zai fara tsawo. Kafin nan ki riƙa fita waje a lokacin hutun rana ko da minti ashirin ne, kuma tunda azahar da la'asar da magariba duk sun matse cikin 'yan awoyi, ki tambayi makaranta ko akwai ɗakin da za ki yi salla, kada rashinta ya ƙara miki damuwa. Idan kuwa baƙin cikin ya kai ga ba kya barci, ko kuka kullum, ko kin daina son komai, wannan ya wuce kewar gida. Ki gaya wa jami'in da ƙungiyarku ta haɗa ki da shi a nemo miki likita, kuma akwai layin sauraron yara da matasa na kyauta, 116 111, wanda ba sai kin faɗi sunanki ba.

Wayar nan kuma sai mun yi magana a kanta. Ban ce ki yanke zumunci ba, amma awa uku na Hausa kowane dare awa uku ne da aka cire daga Jamusanci, kuma su ne awoyin da iyalin ke zaune tare. Ki sa rana ɗaya ko biyu a mako ta doguwar hira da gida, sauran kwanakin gajeren saƙo ya wadatar. Bayan cin abinci ki zauna a falo ko da ba kya gane abin da ake kallo, ki ce a kunna rubutun ƙasan allo da Jamusanci. Idan aikin gida za ki yi, ki yi shi a teburin kicin, idan kuma ɗaki kika shiga ki bar ƙofar a buɗe. Akwai labaran yara da ake kira logo! a tashar KiKA, masu sauƙin harshe. Wata dabara kuma, ki saurari labaran duniya a sashen Hausa na DW da ke Bonn, sannan ki saurari labaran da tashar ke karantawa a hankali da Jamusanci don masu koyo, za ki ga rabin kalmomin sun faɗo da kansu tunda kin riga kin san zancen.

Ba ke ce farkon matashin da ya je ƙasar nan da Hausa a bakinsa ba. A 1855 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ana kiransa Abdulkarim, ya koma Turai tare da wani yaro mai suna Dorugu daga yankin Damagaram, wanda shekarunsa ba su yi nisa da naki ba. Ya ga Landan da Hamburg da Berlin, ya kuma ba da labarin abin da ya gani da Hausa aka rubuta, har da mamakin yadda Turawa ke zaman cin abinci. Shi ba waya gare shi ba, ba kuma ranar komawa, ke kuwa kina da duka biyun.

Iyayenki kuma ki gaya musu, musamman mahaifiyarki. Ba sai kin tayar musu da hankali ba, ki ce harshen yana ba ki wuya, kewa tana damunki, ga kuma matakan da kika ɗauka. Alfaharin da suke yi ba zai ragu don kin ce kina shan wuya ba, kuma ɓoyewar tana ƙara miki wani kaya a kan wanda kike ɗauke da shi, tunda kullum sai kin yi musu muryar farin ciki.

Akwai halin da zan ce ki nemi sauyin gida ba tare da jinkiri ba, kuma ina so ki san shi sarai don kada haƙurin da na ba ki ya zama tarko. Idan bayan kin yi bayani aka ci gaba da hana ki abinci ko ana cusa miki abin da kika ce ba kya ci, idan ana yi miki gori da launin fata ko addini, idan an hana ki salla, idan an mayar da ke 'yar aiki fiye da aikin gida da yaransu ma suke yi, ko wani ya taɓa ki ko ya yi miki maganar da ba ta dace ba, to ki kira jami'in ƙungiyarku a ranar, ki kuma sanar da iyayenki. Lambar 'yan sanda 110 ce. Wariyar launin fata tana nan a Jamus kamar yadda take a wasu wurare, a mota ko a makaranta, kuma ba abin da za ki haɗiye ba ne, makarantu suna da malamin amana da ake kai wa irin wannan ƙara. Sauya gida abu ne da ƙungiyoyin musaya suka saba yi, ba a kuma ɗaukarsa laifin ɗalibi. Amma idan kika sauya a yau, da kunyar da shirun za ki tafi sabon gidan, su ma su yi miki tayi sau ɗaya su kwashe kwano.

Ki ba kanki daga yanzu zuwa ƙarshen Fabrairu, bayan an raba sakamakon rabin shekara kuma yini ya fara tsawo. Ki kira jami'inku a wannan makon ki gaya masa abin da kika gaya mini, don ya san halin da ake ciki ko da ba a buƙaci ya sa baki ba. Idan lokacin ya yi kin yi duk wannan kuma babu abin da ya motsa, ki sake rubuto mini mu duba batun sauyi ko dawowa da idon basira. Kafin nan, Lahadin nan mai zuwa ki ɗauki takardarki ki sami matar a kicin, idan kuma jimla huɗun sun yi miki yawa, ki fara da ta yunwar. Allah ya buɗa miki baki, ya sa ki gama lafiya.